Koren Fenti da Jan Fenti a Bindigar Sarkin Baka

Zailani Ado ya shekara takwas a Dubai bai taɓa riƙe makamin da ya wuce sifana ba. Bakanike ne a wani gareji da ke Ras Al Khor, inda ake kwance injinan tsofaffin motoci, a wanke su, a jera a kwantena su nufi Legas da Kwatano. Da yamma motar kamfani ta kwashe su zuwa masaukinsu a Al Warsan, ɗaki ɗaya su huɗu. Mutum ne mai sanyin hali, kuma duk garejin an san bakinsa ba ya iya furta a'a. Abokan aikinsa kan ce in ka roƙe shi rigar jikinsa, sai ya tambaye ka ko a goge maka ita tukuna.

Rigimar ta same shi ne ta waya, a tsakiyar shekarar 2014, yana zaune a inuwar kwantena yana shan shayin madarar nan mai kauri da suke kira karak. Yayarsa Sabuwa ce ta kira daga garinsu, Ƙwarin Tsamiya, tana magana dariya na katse ta.

Mahaifinsu, marigayi Ado, shi ne Sarkin Bakan garin da ƙauyukan da ke kewaye. Da ya rasu shekara uku da suka wuce, an raba gonaki da awaki lafiya, bindigarsa kuwa aka ce ta Zailani ce tunda shi ne namiji tilo. Doguwar bindigar toka ce ƙirar maƙeran gida, an naɗe ƙotarta da jar fata, in aka tsayar da ita tana kai wa mutum kafaɗa. Zailani ya bar ta rataye a ɗakin tsohon, a hannun Sabuwa, ya dawo bakin aikinsa. Maharba kuwa har lokacin sun kasa daidaitawa a kan wanda zai gaji sarautar, don haka bindigar ce ta zama kamar shugabarsu. In za su yi taro, a ƙofar gidan da take suke yi.

To, a wannan shekarar ɓarayin shanu suka matsa wa yankin. Ƙaramar hukuma ta ba da sanarwa cewa duk mai bindigar farauta ya kawo ta a rubuta, a sa mata lamba da koren fenti, mai ita ya shiga sintiri. Ba a yi sati uku ba gwamnatin jiha ta fito da tata sanarwar: ƙaramar hukuma ba ta da hurumin taɓa maganar makami, kowa ya miƙa bindigarsa ga kwamitin jiha, a sa mata jar lamba, a kulle a sito sai an gama tantancewa. Ta ƙara da cewa duk bindigar da aka gani da koren fenti, mai ita ya ba da shaida a kan kansa. Ƙaramar hukuma ta mayar da martani cewa wanda ya kai tasa jiha kada ya zo layin takin zamani. Maharba suka ga gaba kura baya sayaki, suka taru su ɗari da arba'in da biyu suka yanke shawara guda: inda bindigar Sarkin Baka ta bi, nan za su bi.

Shi ya sa a rana ɗaya mota biyu suka tsaya a ƙofar gidan Sabuwa, ɗaya da gwangwanin kore, ɗaya da na ja. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama musu fura, sannan ta ce ita ajiya aka ba ta, mai bindiga yana Dubai, wanda ya kawo mata sa hannunsa shi za ta buɗe wa ɗaki.

“Na jefa su inda ƙafarsu ba za ta kai ba, Auta,” in ji ta. “Kai dai ci gaba da aikinka.”

Zailani ya yi dariya shi ma, ya ba Saja Yunana labari. Yunana ɗan Adamawa ne, tsohon ɗan sanda da ya ajiye kaki ya koyi walda, gadonsa ne a ƙasan na Zailani. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗage gilashin waldarsa, ya ce Yaya Sabuwa ta yi kuskure. Da ta ce mai bindigar yana ƙauyen gaba, inda sai an tuɓe takalmi an haye rafi, da maganar ta mutu. Amma ka ce wa ma'aikacin gwamnati aiki ya kira shi Dubai? Ya ce Zailani ya fara goge kaftaninsa.

Kwana goma bayan nan wata lambar Dubai ta kira shi. Yana ɗauka aka ce, “Kashe-Gyado!” Tun yana yaro ake kiransa da wannan suna a garinsu, kuma rabon da ya ji shi har ya manta. Maharazu ne, abokinsa na firamare, wanda yanzu kansila ne kuma shugaban kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma. Ya ce ya zo duba fitilun kan titi masu aiki da hasken rana ne, ya sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen, sai ya ga bai kamata ya koma bai ga ɗan'uwa ba. Akwai kuma wata 'yar takarda, ba wani abu ba ce, minti ɗaya ta isa. Zailani ya ce to, su haɗu Juma'a ƙarfe biyu bayan an sauko daga masallaci.

Washegari wata murya ta mace, a natse, ta gabatar da kanta: Barista Khairunnisa Nasir, sakatariyar kwamitin jiha kan makamai. Ta rako 'yarta jami'a ne, kuma Hajiya Sabuwa ce da kanta ta ba ta lambarsa. Tana so ta ɗan yi masa bayanin doka, don kada wani ya ruɗe shi ya sa hannu a abin da zai dame shi. Zailani ya buɗe baki zai ce aiki ya yi masa yawa, sai ya ji kansa yana cewa to, Hajiya, Juma'a ƙarfe huɗu. Da ta tambayi wuri, ya faɗi gidan abinci ɗaya tilo da ya sani wanda ake kai baƙon kirki, na ƙasan wani otal a Al Buteen, inda ya riga ya faɗa wa Maharazu.

Duk satin Yunana bai bar shi ya sha ruwa ba. Da safe ya durƙusa a gaban gadon ya ce ran Sarkin Bakan Ras Al Khor ya daɗe, an hango tsuntsayen nan masu jan jiki da dogayen ƙafafu a bakin ruwa, ko a fita farauta? Zailani yana dariya, amma abin yana damunsa. Ɓarayin gaskiya ne, mijin Sabuwa ma shanu huɗu aka kore masa. In aka kulle bindigogi a babban birnin jiha, wa zai tsare garke? Amma kuma zaɓe na tafe, ya san ciyaman ɗin su Maharazu yana neman komawa, kuma ya san yadda 'yan sintiri kan rikiɗe su zama 'yan rakiyar kamfen. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, kowane kuma da abin da ya ɓoye a aljihu. Yunana ya ce a iya saninsa na tsohon ɗan sanda, maganar bindiga ta Abuja ce da 'yan sanda, su biyun duk faɗa suke a kan akuyar da ba tasu ba. Wannan bai rage wa Zailani komai ba, sai ma ya ƙara masa mutum na uku da zai ji tsoro.

Ranar Juma'a ya sa farin kaftani, ya roƙi Yunana ya raka shi. Suka shiga jirgin ƙasa zuwa Deira, inda Al Buteen take, zafi kamar an buɗe murfin tanda. Shirinsa mai sauƙi ne: ya lallaɓa Maharazu ya sallame shi kafin uku da rabi, sannan ya lallaɓa Barista. Abin da zai ce musu kuwa, ya bar wa Allah.

Ƙarfe biyu ta yi, uku ta yi, babu Maharazu. Ashe Kansilan ya shiga kasuwar gwal ne sayen ɗan kunne, ya yi ta waya yana cewa ga shi nan a kwana. Barista kuwa mace ce mai mutunta lokaci, huɗu saura kwata ta shigo da jakar takardu da gilashi a goshi. Ba ta gama gaisawa da su ba sai ga Maharazu ya faɗo da ledoji a hannu bibbiyu, babbar riga ta jiƙe da zufa, yana kiran Kashe-Gyado tun daga ƙofa. Da suka haɗa ido, sai kowa ya tsaya cak.

Sun san juna sarai. Wata biyu suna musayar wasiƙu, sau ɗaya ma sun yi ja-in-ja a gidan rediyo. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi wa wanda ake so a shaƙe: ya hanya, ya iyali, ya mai girma ciyaman, ya mai girma kwamishina, ashe ana ganinku a nan. Zailani ya yi sauri ya sa a kawo shinkafa da naman rago, yana fatan baki in ya cika ba ya faɗa.

Faranti bai kai rabi ba Maharazu ya zaro takardarsa, ya haɗa da wani babban hoto ya shimfiɗa a tsakiyar tebur. Hoton bindigar ne, Sabuwa ta bari an ɗauka ta taga. Ya ce Zailani ya dubi gadon ubansa da kyau, wannan ce ake so a kai birni a jefa a kwantena tsatsa ta cinye. Barista ta goge hannu, ta sauko da gilashinta, ta fito da nata jerin sunayen. Ta ce Malam Zailani ya sani, ƙaramar hukuma aikinta kasuwa da kwata da tashar mota, ba a taɓa ba ta ikon ko da gwafa ba. Maharazu ya ce ran da ɓarayi suka shigo Ƙwarin Tsamiya, kwamitin jiha yana ina, ko da takarda za a kore su? Ta ce doka ba ta san wannan ba. Ya ce shanu ma ba su san doka ba.

Daga nan murya ta fara tashi. Ita Barista in ranta ya ɓaci Turanci take komawa, shi kuma Maharazu ba ya yarda a fi shi, sai ya bi ta can. Cikin ɗan lokaci duk wanda ke gidan abincin, daga 'yan Indiya masu shaguna har wasu Larabawa biyu a teburin gefe, ya ji kalmar bindiga da Turanci ta fi sau ashirin, ya ji ɗari da arba'in da biyu, ya ji kwantena, ga kuma hoto a shimfiɗe kowa na gani. Unguwar kuwa ta 'yan kago ce masu aika kaya ƙasashen waje, inda kwantena ba abin wasa ba ce. Yunana ya gane inda aka dosa, ya kai ƙafa ta ƙarƙashin tebur don ya taka Maharazu, sai ya taka Zailani, wanda dama bai ce komai ba.

Wani dogon mutum baƙi, cikin baƙar kwat, ya zo ya tsaya a kansu. Da Turanci mai taushi ya ce shi ne shugaban masu tsaron otal ɗin, wani baƙo ya kawo ƙorafi, yana roƙon su biyo shi ofis da takardunsu da hotonsu.

Ofishin ɗan ƙarami ne a bayan teburin karɓar baƙi, bango cike da allunan kyamara. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki sosai, amma zufar Maharazu ƙaruwa ta yi. Zailani kuwa bizarsa kawai yake tunani, da shekara takwas da ya yi bai taɓa ko tsallaka titi inda ba a tsallakawa ba. Mutumin ya ajiye hoton a gabansa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce tambayarsa guda ce kafin ya san ko zai kira 'yan sanda: a cikinsu wa ke da iko da waɗannan bindigogi ɗari da arba'in da biyu?

Maharazu ne ya fara gyara murya.

“Ai Hajiya ce,” ya ce. “Jiha ke da iko. Yanzun nan ta gama karanto mana dokar, kuma ni na gamsu. Mu namu kasuwa ne da kwata.”

Barista ta dube shi kamar ta ga maciji a jakarta. Ta ce a rubuce dai haka ne, amma a zahiri ko bindiga ɗaya ba ta taɓa shiga hannun kwamitinta ba, dukkansu suna cikin ƙasar ƙaramar hukuma, kuma hoton nan daga aljihun Kansila ya fito. Maharazu ya ce shi fitilu ya zo dubawa. Ta ce ita 'yarta ta rako. Sannan ta karkato ta ce masa da Hausa ƙasa-ƙasa ya gaya wa mutumin cewa hoton na gidan tarihi ne mana. Shi kuma ya ce mata ita ce lauya, ƙarya ta fi dacewa da bakinta. A ƙarshe dai suka haɗu a kan abu ɗaya, karo na farko cikin wata biyu: su biyun suka juya suka nuna Zailani, suka ce ga mai bindigar nan.

Zailani ya ji wani abu ya taso masa, rabi tsoro rabi dariya. Mutanen da suka haye teku don su karɓi bindigar ubansa, ga su cikin minti biyu sun sakar masa ita a cinya. Ya miƙe tsaye, da guntun Turancinsa na gareji haɗe da Larabcin kasuwa, Yunana na cike masa gurbi, ya faɗi gaskiya tun daga farko: ubansa maharbi ne, bindigar tsohuwa ce ta toka, tana rataye a ɗaki a wani gari da ko a taswira sai an sa gilashi, sauran kuma na manoma ne masu gadin shanunsu. Babu wadda ta taɓa zuwa Dubai, babu wadda za ta zo. Kwantenar da ake magana a kai tana can Najeriya, in ma akwai ta.

Mutumin ya saurara bai katse shi ba. Ya ɗauki hoton ya kai kusa da fuska, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, da Hausa, wata irin Hausa mai nauyi kamar ta tsofaffi:

“Kakana yana da irinta. Da ita ya fito daga ƙasar Kano a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Sudan, bai ƙarasa ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Sunana Sabo.”

Barista ta cire gilashinta ta mayar, ta sake cirewa. Sabo ya ce tun suna tebur yake jin su, ya san ba masu safarar makamai ba ne, don masu safarar makamai ba sa faɗa a kan fenti. Amma baƙo ya yi ƙorafi, dole ya yi aikinsa, kuma ya so ya ji wa zai amsa. Ya shawarce su da cewa a garin nan ba a kiran wannan kalma da ƙarfi a wurin cin abinci, ko da wasa. Game da gidan tarihi kuwa, ya ce wa Barista shawara ce mai kyau, sai dai a daina ba da ita a gaban mai tambaya. Ya aika a gaya wa mai ƙorafin cewa rigimar gado ce ta 'yan'uwa, ya sa aka kawo shayi.

Da shayi ya shiga ciki, jini ya dawo fuskar Maharazu, sai hannunsa ya fara lallaɓawa wajen takardarsa. Barista ma ta buɗe jaka. Zailani ya dubi takardun biyu, ya ji kalmar ta fito da kanta, ba tare da ya sha wahala ba.

“A'a. Ba zan sa wa kowa hannu ba.”

Yunana ya ajiye kofinsa a hankali don kada ya zubar. Zailani ya roƙi Sabo farar takarda da biro. Ya ce akwai maganar da ya shekara talatin yana riƙe da ita. Gyadon nan da aka ce ya kashe yana ɗan shekara tara, wanda ya addabi gonar rogonsu, ba shi ya harbe shi ba. Shi yana kan bishiyar kanya yana kuka. Sabuwa ce, tana da shekara goma sha biyar, ta ɗauki bindigar da tsohon ya jingine ya tafi rafi, ta durƙusa ta saita ta sake shi. Tsohon ya ji nauyin a ce 'yarsa ce, sai ya laƙa wa ɗansa. Amma daga ranar ita yake koya wa ɗura albarushi a ɓoye, kuma ita ke shafa wa bindigar mai har yau. Maharazu ya ce shi dama ya daɗe yana mamaki, don ya taɓa ganin Zailani ya gudu saboda zakara.

Ya rubuta a takardar otal, da Hausa, cewa shi Zailani Ado ya bar wa yayarsa Sabuwa Ado bindigar mahaifinsu halak malak, ita ke da magana a kanta. Ya sa hannu. Ya miƙa wa Kansila da Barista su sa a matsayin shaidu. Suka yi ɗan jinkiri a kan wa zai sa a sama, sai Yunana ya karɓi biron ya sa nasa a saman, ya ce shi tsohon ɗan sandan tarayya ne, kuma tarayya ce gaba. Sabo ya buga hatimin otal a ƙasa don takardar ta yi kwarjini.

Sannan aka kira Sabuwa, aka buɗe murya kowa na ji. Da ta fahimci abin da ya faru, ta yi wa ƙanenta tatas: ita ta jefa masa ƙaya don ta huta, shi kuma ya jefo mata da hatimi. Ta tambaya ko ya faɗi maganar gyado. Ya ce ya faɗa. Aka ji tana korar kaji, sannan ta ce to, tunda abin ya zama nata, su buɗe kunne.

Bindigar ubanta ba za ta bar ɗakin ubanta ba, kuma ba za ta ce wa maharba su rabu da nasu ba alhali ɓarayi na yawo. Jiha ta zo ta rubuta sunan kowa da ƙirar bindigarsa, ta sa jan fentinta. Ƙaramar hukuma ta tsara sintiri, da ɗan sanda a kowace fita, ta sa korenta. Ƙota gefe biyu gare ta, kowa ya ɗauki ɗaya. Amma duk maharbin da aka gani da bindiga a taron siyasa, ita da kanta za ta kai sunansa jiha, ko da mijinta ne. Barista ta ce sai ta tuntuɓi kwamishina, amma a ganinta rubuta suna shi ne ruhin dokar. Maharazu ya ce dama abin da ciyaman yake nufi ke nan tun farko. Sai ya tambaya, cikin ladabi, wane fenti ne zai hau gefen dama.

“Wanda ya riga zuwa,” in ji Sabuwa, ta kashe wayar.

Ba su tsaya sun ƙarasa shayin ba. Maharazu ya kwashi ledojinsa ya ce zai je ya huta, Barista ta ce 'yarta na jiranta. Da Zailani da Yunana suka fito za su shiga kwale-kwalen haye ruwa don su sha iska, suka hango su biyun a ofishin sayar da tikitin jirgi ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Jirgi ɗaya suka samu washegari, kuma daga baya Maharazu ya ce kujerunsu ma a jere suke, awa bakwai ba wanda ya nemi ɗan'uwansa ya miƙo masa ko ruwa.

Sauran labarin Sabuwa ce ta ba Zailani bayan wata biyu, wata ranar Talata, yana kwance a ƙarƙashin wata mota, waya a maƙale a kafaɗa. Motar jiha ce ta fara kama hanya, da asuba, da jiniya. Saura kilomita uku ta shiga gari ta kafe a wata karyayyar kwalbati da ruwan damina ya cinye. Maharazu ya zo a bayan babur, gwangwanin kore a cinya, ya yi musu sannu da aiki, ya bi ta gefen gona ya wuce. Kore ya hau dama. Da azahar Barista ta iso a amalanken shanu, takalmi a hannu, ta sa ja a hagu, ta kuma sa aka yi lambarta ta fi ta Maharazu girma da yatsa biyu. Maharba suka yi layi har bayan masallaci, aka kwana uku ana fenti.

Kafin sati ya zagayo aka buɗe sabuwar rigima. Jiha ta ce ƙaramar hukuma da gangan ta bar kwalbatin a karye don ta hana jami'anta aiki. Ƙaramar hukuma ta ce hanyar ta jiha ce tun zamanin soja, ga takarda. Jiha ta ce in tata ce to za ta gyara, kada wanda ya taɓa. Ƙaramar hukuma ta ce ba za a zo cikin ƙasarta a yi mata gwaninta ba, ta tura tifa biyu na yashi. Kwalbatin da ta shekara bakwai tana cin tayoyin mutane, cikin wata ɗaya aka gama ta, har da ƙarfen kariya. Aka kafa alluna biyu, ɗaya a kowane bakin, kowanne na cewa shi ya yi aikin.

Sabuwa ta ce yanzu mutanen gari neman abin da za su haɗa su faɗa a kai suke yi. An fara maganar rufin asibitin sha-ka-tafi, kuma wasu dattawa sun zo suna tambaya ko Zailani zai yarda a ce makullin asibitin yana hannunsa a Dubai. Ya ce ta gaya musu yana ƙarƙashin mota. Ya ajiye wayar a kan taya, ya ce wa Yunana ya miƙo masa sifana mai lamba goma sha huɗu.